Idan Aka Yi Wa Wutarmu Kutse, Wa Zai Gane?

Ranar 23 ga Disamba, 2015, wajen la'asar, wani ma'aikaci yana zaune a ɗakin kula da wuta na kamfanin Prykarpattyaoblenergo, a yankin Ivano-Frankivsk da ke yammacin Yukiren. Lokacin tashi ya ƙarato, yana harhaɗa takardunsa. Sai ya ga 'yar kibiyar nan ta allon kwamfuta tana tafiya da kanta, alhali hannunsa ba ya kan linzami. Kuma tafiya ce ta wanda ya san inda za shi. Ta nufi makunnin wata tashar rarraba wuta ta danna. Kwamfuta ta yi tambayar da ta saba, ko da gaske ana so a kashe, kibiyar ta amsa da e. Mutumin ya cafki linzami yana ja, ko gezau. Ana cikin haka aka fitar da shi daga manhajar gaba ɗaya. Ya sa kalmar sirrinsa don ya koma, ashe an riga an canza ta. Haka ya zuba ido ana kashe tashoshi ɗaya bayan ɗaya, a tsakiyar hunturu.

A wannan yammacin kamfanoni uku aka taɓa, kuma masu amfani da wuta kimanin 225,000 ne suka shiga duhu, wasu awa ɗaya, wasu har awa shida. Maharan sun yi shiri na gaske. Sun lalata ƙwaƙwalwar ƙananan na'urorin da ke haɗa tashoshi da ɗakin kula, don kada a iya mayar da wutar daga nesa. Sun goge abin da ke cikin kwamfutoci da wata manhaja mai suna KillDisk. Sun kashe batiran ko-ta-kwana na ɗakin kula, har su ma'aikatan wutar suka koma cikin duhu. Sannan suka cika layin wayar kamfani da kiran bogi, yadda duk wanda ya buga don ya ce an ɗauke musu wuta ba zai samu shiga ba. Daga baya bincike ya nuna sun yi watanni a cikin kwamfutocin kamfanonin suna leƙe-leƙe, suna koyon yadda ake aiki. Ƙofar da suka bi kuwa ba wata babba ba ce: saƙon imel ne da takarda a maƙale, wani ya buɗe, ya danna inda aka ce ya danna. A Oktoban 2020 Amurka ta tuhumi wasu jami'an leƙen asirin sojan Rasha shida da hannu a wannan hari da wasu makamantansa.

Wurin da na fi tsayawa a labarin shi ne yadda wutar ta dawo. Ma'aikata ne suka shiga motoci, suka nufi tashoshin, suka mayar da makunnai da hannu. Tsofaffin kayan da suka gada tun zamanin Tarayyar Sobiyet, waɗanda ake yi wa kallon koma-baya, su ne suka fitar da su kunya, domin har lokacin akwai abin kamawa a murɗa, akwai kuma mutanen da ba su manta yadda ake murɗawa ba. Ɗakunan kula sun ɗauki watanni kafin su koma daidai, amma gidajen mutane a daren suka samu wuta. Masana a Amurka sun faɗa a lokacin cewa da a wasu wurare na ƙasarsu abin ya faru, inda aka miƙa wa kwamfuta komai, da wuya a farfaɗo da wannan sauri.

Na san me mai karatu a Kano ko Gusau zai ce. Awa shida? Ai mu wannan ranar sa'a ce. Gaskiya ne, kuma a nan damuwata take. A ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa, minti biyar na duhu ya isa a tada hankali a fara tambaya. Mu kuwa an ɗauke, an kawo, yara su yi ihu, a jona waya a caji, shi ke nan. A 2024 kaɗai jaridu sun ƙirga faɗuwar babban layin wuta na ƙasa fiye da sau goma. Kowane karo bayanin kusan iri ɗaya ne: an samu tangarɗa, injiniyoyi suna aiki, an fara mayarwa. To a ce wata rana wani ne a wata ƙasa, ko ma a wani ɗaki a Legas, ya buɗe makunnai biyu ko uku a lokacin da ya zaɓa. Da wace alama za a bambanta wannan da sauran? Ɓarawon da ya shiga gidan da kullum ake hayaniya ba ya buƙatar sanɗa. Ni a ganina wannan ne babban rauninmu, ya fi rashin kowace manhajar tsaro da za a iya sayowa.

Wani zai ce ai layinmu bai kai wayewar da za a yi masa kutse ba. Jiya wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, yau tana raguwa. Cibiyar kula da wuta ta ƙasa da ke Osogbo ta daɗe tana dogara da waya da rediyo wajen sanin abin da ke faruwa a tashoshi da dama, kuma shekaru ke nan ana aikin kafa sabon tsarin SCADA da rancen Bankin Duniya, wato tsarin da zai ba mutum damar ganin tashoshi da sarrafa su daga kujerarsa. Irin tsarin da aka ƙwace daga hannun ma'aikacin nan na Yukiren ke nan. Ana ta raba mitoci, wasunsu masu magana da kamfani ta layin waya, waɗanda za a iya yanke wa gida wuta da su ba tare da an kafa tsani a jikin falwaya ba. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar kafa kasuwannin wutarsu, ga ƙananan tashoshin sola suna yawaita a karkara, da yawansu ana duba su ne ta intanet. Duk waɗannan ci gaba ne, ina maraba da su. Sai dai kowace na'ura da aka jona taga ce aka ƙara wa ɗaki, kuma ban ji ana tambayar wa ke riƙe da sakata ba.

Akwai wani abu game da waɗannan na'urori da ya kamata wanda ba injiniya ba ma ya sani. Harsunan da ɗakin kula ke magana da tashoshi da su, irin wanda ake kira IEC 104, an tsara su ne a zamanin da ake ɗauka duk wanda ke kan layin ɗan gida ne. Idan umarni ya zo cewa a buɗe makunni, na'urar ba ta tambayar wa ya aiko, buɗewa take yi. Shekara guda bayan harin farko, a Disambar 2016, an sake kai wa Yukiren hari a wata babbar tasha da ke arewacin Kyiv, wani yanki na birnin ya yi kusan awa ɗaya babu wuta. A wannan karon ba a buƙaci mutum ya zauna yana jan kibiya ba. Manhajar da aka yi amfani da ita, wadda aka laƙaba wa suna Industroyer, ta iya waɗannan harsuna da kanta, ita ke ba da umarni kai tsaye. Manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta da muka sani ba ta da abin cewa a nan, domin umarnin da ake aikawa halastacce ne a siffarsa. Wanda ya aiko shi ne ba halastacce ba.

Shi ya sa gano kutse a harkar wuta ya fi kama da aikin makiyayi. Makiyayin da ya san garkensa, daga tafiyar saniya yake gane ba ta da lafiya. Layin wuta abu ne mai ɗabi'a ɗaya: na'ura kaza tana magana da na'ura kaza, a lokaci kaza, da irin saƙo kaza, yau da gobe. Idan aka ajiye abin sauraro a gefe yana rubuta wannan zirga-zirga, ranar da kwamfutar ofishin kuɗi ta fara yi wa makunnin tasha magana da ƙarfe biyun dare, za a gani. Ranar da aka shiga da sunan ma'aikacin da ke kwance a asibiti, za a gani. Watannin nan da maharan suka yi suna yawo a kamfanonin Yukiren, a cikinsu ne damar kama su take, amma babu mai kallo. Da 'yan Yukiren suka koyi darasi, a Afrilun 2022, ana tsakiyar yaƙi, hukumar tsaron intanet ta ƙasar tare da kamfanin tsaron kwamfuta na ESET sun tare sabon samfurin Industroyer kafin ya yi ɓarnar da aka shirya masa. A Denmak ma, a Mayun 2023, an kutsa kamfanonin makamashi 22 ta wata ɓaraka a na'urorin tsaro na Zyxel. Abin da ya taimake su shi ne kamfanonin sun haɗa kai tun tuni sun kafa cibiya guda, SektorCERT, mai na'urorin sauraro a gidan kowa, don haka abin da aka gani a wuri ɗaya nan take aka neme shi a sauran.

Sai dai allon ma yana iya yin ƙarya, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Manhajar ɓarna ta Stuxnet, wadda aka bankaɗo a 2010, tana lalata injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz, tana kuma nuna wa masu kula cewa komai lafiya lau. Ko babu maƙiyi ma hakan na faruwa. A Agustan 2003 mutum kusan miliyan 50 suka rasa wuta a arewa maso gabashin Amurka da wani yanki na Kanada, kuma cikin musabbaban akwai wata matsala a manhajar ƙararrawa ta wani ɗakin kula a jihar Ohio. Layuka suna faɗuwa, ƙararrawa ta yi shiru, masu aiki suna zaune suna ganin kamar ba komai. Maganin wannan ba a cikin kwamfuta yake ba, a cikin ita wutar yake. Wuta tana da dokokin da ba ta karyawa: abin da ya shiga tasha dole ya yi daidai da abin da ya fita, kuma bugun layinmu dole ya tsaya kusa da 50 a daƙiƙa. Idan allo ya ce layin Kaduna zuwa Kano yana ɗauke da kaya, amma ma'aunin da ke tashar Kumbotso a Kano ya ce babu abin da ke isowa, to ɗaya yana ƙarya. Ana buƙatar ma'auni na biyu da bai bi ta hanyar na farko ba, da kuma mutum a tashar da za a buga wa waya a ce: Malam, leƙa ka gaya mini abin da idonka ya gani. Tsohon injiniyan da ya yi shekara talatin yana jin kukan taransifoma na'urar gano kutse ne shi ma, ko da yake ba a taɓa rubuta shi a takardar kwangila ba.

Ni kaina ban fahimci yadda wutar gidana ta rataya a kan lissafin kwamfuta ba sai a 2024. A shekarar aka yi ta sanarwa cewa mitocin kati za su daina karɓar lambobi daga 24 ga Nuwamba idan ba a sabunta su ba, saboda agogon da ke cikin tsarin, wanda ya fara ƙirga mintoci tun 1993, ya kusa cika. Na tsaya a gaban mita da daddare, fitilar waya a baki, ina danna lambobi ashirin, na sake danna wasu ashirin, sannan na sa na katin da na saya. Na yi kuskure a lamba ɗaya, mita ta ƙi, uwargida daga ciki tana tambaya ko an dace. A wannan tsayuwar na gane cewa ko da Shiroro da Kainji da Jebba suna aiki, ko da waya ba ta tsinke ba, idan kwamfutar da ke haifar da lambobin nan ashirin ta tsaya, ni da duhu ne. Mutanen Johannesburg sun ga haka a Yulin 2019, lokacin da masu kutsen neman kuɗin fansa suka kulle kwamfutocin kamfanin City Power. Ba a taɓa ko tasha ɗaya ba. Mutane dai sun kasa sayen kati, wanda nasa ya ƙare ya kwana a duhu cikin sanyin hunturunsu. Idan za a fara jarraba mu, ina zaton ta nan za a fara, domin ɓarawon kuɗi ya fi sojan wata ƙasa yawa, kuma kamfanonin rarraba wuta da muke da su kowanne da nasa tsarin sayar da kati, da 'yan kwangilarsa, da masu POS da manhajojin banki da ke jone da shi.

Akwai hujja mai ƙarfi a kan duk abin da na faɗa, kuma ba zan yi kamar ban san ta ba. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Layin Shiroro zuwa Kaduna an lalata shi a yankin da 'yan bindiga suka hana shiga gyara, layin da ke biyowa ta Ugwuaji zuwa Apir kuma ya samu matsala. Masu niƙa, masu walda, masu ƙanƙara, masu ɗinki, kowa ya ji a jikinsa. Babu kwamfuta a wannan labari. Mai zarto da mai bindiga sun riga mai kutse, ga bashin iskar gas, ga turakun da suka tsufa. Wanda ya ce a fara da waɗannan bai yi ƙarya ba, kuma idan kuɗin ɗaya ne tak, ni ma can zan kai shi.

Amma wannan duhun ya tona wani asiri: jihohi da yawa sun rataya a kan layuka ƙalilan. Abin da aka yi da ƙarfe ana iya yin sa da umarni, kuma wanda ya san taswirar ba ya buƙatar taɓa wuri goma. Maƙwabtanmu na Nijar sun san yadda makunni ɗaya ke aiki, tun da aka yanke musu wutar da ke zuwa daga Najeriya a Agustan 2023 bayan juyin mulki, Yamai ta koma karɓa-karɓa. Sannan tsaron na'ura ba ya cin kuɗin da turaku ke ci, muddin an sa shi tun ana gini. Tun ran gini tun ran zane. A raba kwamfutocin ofis, inda ake buɗe imel da kallon bidiyo, da kwamfutocin da ke taɓa makunnai. Duk mai shiga daga nesa kada kalmar sirri kaɗai ta ishe shi. Kamfanin bututun mai na Colonial a Amurka, da duk arzikinsa, ta wani tsohon asusu da aka manta ba a rufe ba aka shige shi a 2021, har ya biya fansar dala miliyan 4.4. Na taɓa shiga wani ofishi, ba na wuta ba, na ga kalmar sirri a rubuce a 'yar takarda an manna a goshin kwamfuta, kuma mutum huɗu ke amfani da ita, har da wanda aka yi wa canjin wurin aiki bara. Ba na jin wannan ɗabi'a ta tsaya a ofishi ɗaya. Da ɗan gari kan ci gari, wani lokacin ma ɗan garin bai san an ci da shi ba.

Abin da ya fi damuna a kwangilolinmu shi ne ƙofar baya da ake bar wa mai kawo kaya. Kamfanin waje ya kafa na'ura, ya bar wa kansa hanyar shiga daga ƙasarsa don gyara, injiniyoyinmu kuma a koya musu danna nan da danna can kawai. Ranar da aka kutsa wancan kamfani, an kutsa mu. Ranar da dangantaka ta yi tsami da ƙasarsa, makullin ɗakinmu yana aljihun wani. Hukumar NERC, mai sa ido a kan harkar wutar lantarki, tana da ikon ta ce ba za a jona kowace na'ura ba sai an san wa ke iya shigarta, daga ina, kuma sai da izinin wa. Tana da ikon ta wajabta wa kowane kamfani ya kai rahoton kutse cikin ƙayyadadden lokaci, ko da abin kunya ne. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta yi maganar kare muhimman kayayyakin ƙasa, akwai kuma ngCERT, cibiyar kai ɗauki idan an yi kutse, a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Takardu ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da nake so in ji shi ne an yi atisaye: an wayi gari an ce wa ma'aikatan wata tasha, yau ku ɗauka allon nan ƙarya yake yi, ku tafiyar da wuta da hannu da rediyo har azahar. A ga wa ya iya, a ga motar zuwa tasha ko tana da mai, a ga lambar wayar da ke manne a bango ko ta wanda ya yi ritaya ce.

Sai batun faɗin gaskiya bayan kowace faɗuwa. Ranar 28 ga Afrilu, 2025, wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal kusan baki ɗaya da tsakar rana. Zargin farko da ya bazu shi ne kutse. A watan Yuni gwamnatin Sifaniya ta fito da rahoto ta ce ba kutse ba ne, ƙarfin wuta ne ya haura aka kasa shawo kansa, ta kuma jero abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa. Sun iya cewa ba kutse ba ne domin suna da bayanan da za su duba, kuma sun duba. Mu idan aka ce tangarɗa ce, ina so in san an bincika ɗaya ɓangaren kafin a faɗa. Yanzu da aka cire aikin kula da layi daga TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, aka ba sabuwar hukumar NISO, lokaci ne mai kyau na soma sabuwar al'ada: duk faɗuwar babban layi a fitar da rahoto a bainar jama'a, wane makunni ne ya fara buɗewa, da ƙarfe nawa, na'urar kariya ce ta buɗe shi ko umarni ne, idan umarni ne daga kujerar wa ya fito. 'Yan majalisar da ke kiran shugabannin wuta su zo su yi bayani, wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ban taɓa jin sun yi ba.